Raɗa ta Kunnen Hagu

Madarunfa, tsakiyar bazara

Zuwa ga Ado, ƙanen maigidana, a Arlit.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da aikin gadi da zafin garin duwatsu. Ni ce Hannatu, in ka manta hannuna. Da kai mai jin salula ne da na huta, amma ka ce ko an kira ka ba ka jin komai sai kamar ƙuda a cikin gwangwani, shi ya sa na koma 'yar lakwal, 'yar boko da furfurata. Zan ba wani direba a tashar Maraɗi ya ajiye maka wurin mai shagon nan, kamar yadda muka saba da.

Mu nan da sauƙi. 'Yarmu Rahila tana Maraɗi gidan mijinta, ta sami ɗa namiji. Ƙanwarku Binta ta leƙo mu daga Gabi ran kasuwa, ƙafa ke damunta. Tafki ya ja baya sosai bana, sai an taka laka mai nisa kafin a kai ga jirage. Tsohon fastonmu, wanda ya tashi ya ba ka kujerarsa lokacin da ka zo rasuwar Inna, ya yi barci tun bara, yanzu wani matashi aka kawo mana.

Yayanka ba shi da lafiya. Tun sanyi ƙafafunsa suka fara kumbura, muka ce aikin ruwa ne, zai wuce. Yanzu kumburin ya hau ciki. Mun je asibiti a Maraɗi, suka ce zuciya ce ta gaji, suka ba da ƙwayoyi, suka hana shi gishiri. Mutumin da ya tsufa a kan kifi da yaji, yau sai kunu salam. Amma abin da ya fi cin ranmu shi ne barci. Ba ya iya kwanciya. Da ya sa haƙarƙari ƙasa sai numfashi ya tsaya masa a wuya, ya tashi zaune yana haki. Na jingina masa buhun gero a bango na ɗora matashi, nan yake wuni, nan yake kwana, ido biyu. Ni ma haka. Na gaji, Ado. Shekaranjiya na ɗora tukunya a wuta ba ruwa, sai da ta yi ƙauri na farga.

To ga abin da ya sa na rubuto. Wanda ba ya barci yana da lokacin tunani, kuma tunaninsa duk ya koma kanka. Na ce masa ai ba sai an tuna maka ba, ya ce in rubuta abin da sunansa, kada in yi ta kewaye. Ranar da kuna cikin jirgi, kana yaro, taru ya sarƙe a hannunka, shi kuma ya sha burkutu ya yi tatil, ya ɗaga filafili ya sauke maka a kunnen hagu. Tun ranar kunnen bai ƙara ji ba. Ya ce ya tuba a gaban Allah tun lokacin da ya karɓi Almasihu ya bar giya, amma kai bai taɓa buɗe baki ya roƙe ka ba, saboda kunya da girman kai irin na babban wa. Yanzu yana roƙo, ka yafe masa.

Ni 'yar aike ce. Amma in za ka ji tawa, ka nemi kwanje, hutun aiki, ka zo. Ba na so in tsorata ka, ba na kuma so in yi maka ƙarya.

Matar yayanka,
Hannatu

*

Arlit, ƙarshen bazara

Zuwa ga Hannatu, uwargidanmu.

Bayan sallama da gaisuwa. Takardarki ta iso, ta daɗe ƙarƙashin kwalin shayi kafin mai shago ya tuna da ita. Lafiyata lau, alhamdu lillahi, sai gwiwa da kunne, su kuwa mun saba. Barka da jika, ki ce wa Rahila Allah ya raya. Rubutunki bai canja ba, har yanzu kamar kaza ta bi ta kan takarda, amma na karanta. Shi kuma fastonku da ya kama barci tun bara, ku tashe shi mana, aiki na jiransa.

Na ji ciwon mijinki. Allah ya ba shi lafiya, ba na yi wa kowa fatan ciwo. Ga ƙullin tazargade na saya wurin Buzaye, ki jiƙa kaɗan ki ba shi da yamma, sun ce tana saukar da jiki har mutum ya samu ya runtsa.

Sauran maganar kuwa, ke ba ki da laifi, amma tunda ta hannunki ta zo, ta hannunki za ta koma. Kin san abin da kunne guda ya ja mini? An sallame ni daga lakwal don malam yana magana ta haguna ina kallon taga, aka ce ba ni da kai. Na je neman soja, aka toshe mini na dama aka yi raɗa, na tsaya ina murmushi kamar wawa, aka ce in koma gida. Na zo nan na shiga wurin injunan niƙa dutse, don an ce kurma ba ya asarar komai, suka cinye rabin na daman. A masallaci kullum sai na nemi gefen hagu na sahu, in ba haka ba sai in ga mutane sun yi ruku'u ina tsaye. Matar da na aura ta tafi tana cewa ta gaji da yi wa bango magana.

Ina cikin wannan aka kawo mini labari wai mijinki Ɗanlami ya tsaya gaban jama'a a majami'arku ya ce an wanke masa zunubansa duka, kyauta, ya zama sabon mutum. Ranar na yi dariya har hawaye suka zo. An wanke shi, ni wa ya wanke mini kunne? Ban hana shi addininsa ba, Inna ma ta yi faɗan ta gaji ta bar shi. Amma mu abin da aka koya mana, laifin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa Allah yana yafewa in ya so, haƙƙin mutum kuwa sai mai shi ya yafe. Ni ne mai shi, kuma ba a tambaye ni ba.

Da na zo rasuwar Inna tabarma ɗaya muka zauna. Ya miƙo mini ruwa, ya tambaye ni hanya, ya tambaye ni tsadar gero a arewa. Bakinsa lafiya lau yake a lokacin. Yanzu kuma ya aiko mace da alƙalami. Ban ce na ƙi ba, ban ce na yafe ba. In yana so ya faɗa da bakinsa, ina zaune, ya ɗaga murya yadda zan ji. Na nemi kwanje, shugabanmu ya ce sai wanda ya tafi ya dawo. In an ba ni zan zo. Ki tanadi busasshen kifi, na nan garin kamar tsohon takalmi yake.

Ado

*

Madarunfa, farkon damina

Zuwa ga Ado.

Ina gaishe ka da kyau, ina fata gwiwar ta yi sauƙi. Ruwa ya sauka, an yi shuka. Gonarmu maƙwabta ne suka shuka mana, Malam Mansur da 'ya'yansa suka yi rabi, samarin majami'a suka ƙarasa. Ni ko ƙofar gida ban isa in bari ba.

Na karanta masa takardarka. Na so in tsallake wasu wurare, ya gane daga yadda muryata ta yi, ya sa na koma baya na karanta duka. Maganar kifi ta ba shi dariya har tari ya sarƙe shi. Maganar soja kuwa bai taɓa sani ba. Hawaye na bin gemunsa, can ya ce gaskiyarka, da bakinsa ya kamata.

Ka bar ni in amsa maka abu ɗaya, don ya tsaya mini. Ka ce kyauta. Gare mu kyauta ce, i, amma ba a ƙasa aka tsince ta ba. Mun gaskata Yesu ne ya ɗauki nauyin da ransa. Kuma wanda aka yafe wa irin haka ba a ce masa ya je ya miƙe ƙafa ba, an ce ya tashi ya nemi wanda ya cuta. Yayanka ya san wannan sarai, ya yi ta ɗagawa, bana sai baɗi. Wannan taurin kansa ne, ba koyarwar da aka yi masa ba, kuma na sha faɗa masa har bakina ya gaji. Ku biyun duk kan Inna kuka ɗauko.

Tazargade na ba shi kaɗan, ko da yake majon asibitin nan, mai ba da magani, ya ce kada in haɗa da ƙwaya. Ya sha yana yamutsa fuska, ya ce tunda daga hannunka ta fito ko guba ce zai sha. Barci dai har yau babu.

Yanzu wani sabon aiki ya samu. Tunda ka ce ya ɗaga murya, kullum da rana sai ya fuskanci bango ya yi ta gwadawa. Yakan ja numfashi ya ce "Ado" da ƙarfi, sai sauran maganar ta maƙale, ya koma haki. Rannan matar Malam Mansur ta shigo da gudu, ta ɗauka kai ne ka iso. Na ce ya bari yana ƙarar da ɗan ƙarfin da ya rage, bai ji ba.

Ka matsa wa shugaban naku. Kifi yana nan na rataye maka, mage ma ta gaji da kallonsa.

Hannatu

*

Madarunfa, damina

Ado, ina gaishe ka.

Ba ni da ƙarfin dogon rubutu. Yayanka ya yi barci cikin Ubangiji ran Talata da hantsi. Ina dama masa kunu, na juyo na ga ya zame daga jikin buhun, ya sa haƙarƙari ƙasa, ya miƙe ƙafafu, abin da ya yi wata da watanni bai yi ba. Ba haki, ba wahala. Fuskarsa ta saki kamar ta saurayi. Ya huta, Ado.

Jama'a sun yi mana kirki, na majami'a da maƙwabta duka. Binta ta zo, Rahila ma tana nan da jariri. Yanzu ba sauran gaggawa, ka zo duk lokacin da aka sallame ka. Mu muna nan riƙe da begenmu, zai tashi.

Ka yi haƙuri da gajeruwar takarda. Ni ma barcin nake ji.

Hannatu

*

Arlit, tsakiyar damina

Zuwa ga uwargida Hannatu, sarauniyar masu jinya.

Sallama da gaisuwa da barka. Takardunki biyu tare suka zo, na karanta ta farko, na yi maza na buɗe ta biyu na ji kamar an sauke mini kaya. Alhamdu lillahi. Na sayi dabino na kai masallaci sadaka, aka tambaye ni ta mece ce, na ce wani mara lafiya ne ya samu barci. Ki gaya wa majonku ya zo Arlit ya koyi aiki wurin Buzaye. Ga wani ƙullin tazargaden, ya fi na farko girma, kada ki yanke masa.

Kada ki tashe shi. Ki bar shi ya yi ta yi har ya rama na watannin nan, in ya so ya ƙara da na fasto. Ke ma ki kwanta, ki bar wa Rahila tukunya kafin ki ƙone gidan.

An ba ni kwanje. Amma tunda kin ce ba gaggawa, na bar wa wani abokin aikina da matarsa ta haihu a garin Tawa, ni zan karɓi nasa da kaka. Ya fi mini ma. Tafki zai cika, ga sabon gero, shi kuma mutumin naki ya yi ƙwari. Ki ce masa ya ci ya yi ƙiba ya tara numfashi, don ni ba zan karɓi roƙo da raɗa ba. In ya ga dama mu shiga jirgi mu je tsakiyar ruwa inda abin ya faru, amma ni zan riƙe filafili.

Ga cuku na aiko, ba shi da gishiri sosai. Ga kuma hula, na tuna kansa babba ne, na sa mai shago ya gwada, shi ma ƙaton kai gare shi.

Zan faɗa miki wata magana, amma ki riƙe ta a cikinki. Da na karanta yadda yake fuskantar bango yana kiran sunana, ranar ban iya cin tuwo ba. Na zauna bakin ƙofar da nake gadi ina nema a raina inda fushin yake, na tarar ba kowa a ɗakin. Ban san yaushe ya fita ba. Maganar ta riga ta mutu, Hannatu. Ina so ne kawai in ji shi, ko sau ɗaya, ya ce ya yi. Kada ki gaya masa, bar shi ya ci gaba da karatunsa a bango, ya ɗan ɗanɗana jira shi ma.

Sai kin gan ni.

Ado

*

Madarunfa, gab da kaka

Zuwa ga Ado.

Ina gaishe ka, ina fata kana lafiya. Mu muna nan. Na daɗe ban amsa ba, ga dalili.

Takardarka ta zo, na karanta har inda ka ce kada in tashe shi. Na dunƙule ta na jefa bayan randa. Na ce ashe ƙiyayya tana kai mutum ya yi wa ɗan'uwansa ba'a a wannan hali, ya aiko wa mace irina da dariya. Na yi niyyar ba ni ba kai. Hular ma na so in ba almajiri na farko da ya wuce, hannuna ne ya ƙi.

Makon jiya Rahila tana shara ta zaro takardar, ta zauna ta karanta har ƙarshe. Na ga ta dafe kai. Ta ce, "Inna, Baba Ado bai gane ba. Shina zaton Baba na da rai."

To bari in rubuta yadda ba za ta ɓata ba. Yayanka ya mutu, Ado. Ya rasu. Ran Talatar nan da na gaya maka, ita ce. Mun binne shi da la'asar a maƙabartar masu bi, bayan gonakin gabas. Malam Mansur da mutanen unguwa sun raka mu har bakin wurin, suka tsaya daga gefe har aka gama.

Mu in namu ya tafi ba mu cika cewa ya mutu ba, mukan ce ya yi barci, don mun gaskata Almasihu ya tashi daga kabari kuma zai tashe su kamar yadda ake tashin mai barci. Ni a cikin wannan maganar aka haife ni, ubana mai wa'azi ne, haka na ji ana faɗa tun ina goye. In naku ne nakan ce rasuwa, amma ranar ban yi tunanin wa nake rubuta wa ba, na rubuta abin da ke bakina. Tsohon fasto ma da na ce ya yi barci, mutuwa ya yi. Da ka ce mu tashe shi na ɗauka tsokanarka ce ta kullum, har na yi murmushi. Da na tsaya na lura tun lokacin, da ba a kai nan ba. Binta ta ɗauka na sanar da kai, ni ma na ɗauka na sanar da kai.

Sai da Rahila ta karanta mini ƙarshen takardar na ji abin da ka ce in riƙe a cikina. Na riƙe. Ba ni da wanda zan gaya wa.

Cuku yaran maƙwabta sun cinye. Hula tana rataye a ƙusar da yake rataye tarunsa. Buhun geron da yake jingina har yau ban buɗe shi ba, akwai ramin bayansa a jiki.

Ka yi haƙuri. Allah ya ba mu haƙuri duka.

Hannatu

*

Arlit, kaka

Hannatu, sallama.

Daga Allah muke, gare shi za mu koma.

Kalma guda, Hannatu. Duk ƙasar Hausa, daga Katsina har Agadas, in mutum ya mutu cewa ake ya rasu, yaro ma ya sani. Ke kika ce barci. Kin bar ni wata biyu ina yawo da mamaci a raina kamar mai rai. Na yi sadakar murna. Na tsaya a kasuwa ina gardamar kalar hula. Kullum in na zauna gadi sai in shirya yadda zan ɓata fuska in ya fara magana, da yadda zan bari ya maimaita sau biyu kafin in ce na ji. Ana zaman makokinsa ina nan ina dariya ni kaɗai. Mutanen garinmu yanzu suna cewa Ado ko gaisuwar ɗan'uwansa bai aiko ba.

Na san abin da za ki ce, ko kin rubuta daidai da ban iske shi ba. Na sani. Shi ya sa nake faɗa da ke, don in na daina faɗa da ke sai in juyo kaina. Kalma biyu ya nema, ina da alƙalami a hannu, na tsaya ina lissafa masa lakwal da soja.

Na je wurin limaminmu, ya rubuta mini amsa a takarda don ya gaji da ihu. Ya ce mai haƙƙi yana iya yafewa ko bayan mutuwa. Na ji. Amma ba wannan ke hana ni sukuni ba. Ban ma san irin addu'ar da zan yi masa ba, in na ɗaga hannu sai in rasa ta inda zan fara.

Ki gaya mini gaskiya, kada ki lallashe ni, kuma ki faɗa da Hausar da kowa ke ji. Ya tafi yana zaton na ƙi shi? Ya tafi da tsoro, yana ganin haƙƙina a wuyansa?

Ado

*

Madarunfa, kaka

Zuwa ga Ado, ƙanena.

Ina gaishe ka, ina yi maka gaisuwar rashi, wadda ya kamata in yi tun tuni. Faɗanka na karɓa, ban ji haushi ba. Mutanen gari kuma na bi su gida gida na gaya musu laifin alƙalamina ne, har Gabi na aika. An fara yankan gero, tafki ya cika har gindin itacen bedin da kuke ɗaure jirgi.

Ka tambaye ni, zan faɗa maka yadda aka yi, ba ƙari.

Bai tafi da tsoro ba. Ni ce mai tsoron. Ana saura kwana kaɗan, da rana, na fito da shi inuwa, ya gwada kiran nan nasa, ko sunanka bai fita ba. Na zauna na yi kuka, na ce ga shi murya ta ƙare, Ado bai zo ba, in ya zo ma da me za ka roƙe shi. Ya bari na gama, ya kama bakin zanena, ya yi magana a hankali, yana hutawa tsakani. Ga abin da ya ce, na riƙe shi kamar yadda ya fito:

"Bar wahal da kanki. Wanda ya hwanshe ni ya gama aiki nai, ba ƙarhin muryata ya tsaya jira ba. In Ado ya iske ni, in hwaɗa mai. In bai iske ni ba, akwai sahiya. Ran da munka tashi ba kumburi, ba kurma. Sai in zagaya ta hagu nai, in yi mai raɗa, in ce ƙanena yahe mani. Shi ji da kunnen da na kashe."

Na ce in kuma ya ƙi fa. Ya ce Ado ba ya ƙi, ja ne kawai gare shi, tun yana yaro sai an roƙe shi yake cin tuwo.

Ban rubuta maka wannan a lokacin ba don kada ka ce na fake da ciwo ina yi maka wa'azi. Yanzu ma ba wa'azi nake ba, kai ka tambaya. Ni kaina ba kullum nake da ƙarfinsa ba. Wata rana in na shiga ɗaki na ga buhun nan, begen nakan ji shi siriri kamar zaren taru. Amma shi nake riƙe da shi, kuma da shi nake tashi in hura wuta. Shi ya sa ko yau ka ce in sake rubutawa, hannuna barci zai fara rubutawa kafin in gyara.

Ka zo. Kifin farko ya lalace, na rataya wani.

Hannatu

*

Arlit, ƙarshen kaka

Zuwa ga Hannatu, matar Yaya.

Sallama da gaisuwa. Lafiya lau nake. Kwanje ya fito, zan shigo kar, babbar motar Maraɗi, ran kasuwa mai zuwa in Allah ya yarda, wataƙila ma in riga takardar nan. Ki ajiye hular, ni zan sa, ko da za ta rufe mini ido.

Na karanta maganarsa har takardar ta fara yagewa a lanƙwasa. Mu ma mun yi imani da tashi, Hannatu, da cewa za a mayar wa kowa da jikinsa. Inda za a tsayar da ni da inda za a tsayar da shi, wannan Allah ne masani, ba zan yi gardama da ke ba, na gaji da gardama.

Jiya bayan sallar la'asar na zauna a gefena na hagu, na ce na yafe wa Ɗanlami ɗan Inna duniya da lahira. Na ɗauka a hankali na faɗa, sai na ga sahu duka ya juyo yana kallona. Kurma bai san ƙarfin muryarsa ba. To sun zama shaidu. In na zo ki raka ni bayan gonakin gabas in maimaita, ke ma ki ji.

Amma tunda kin ce barci yake, akwai saƙo, ki riƙe mini ko da za ki riga ni ganinsa. Kada ya ce tunda na yafe ya huta da alkawari. Ya zagayo ta hagun, ya yi raɗar. Rabon da in ji wani abu ta nan tun muryarsa, yana ce mini in saki taru.

Ƙanensa,
Ado